Kan Famfon Besin: Ga Yoyo, Ga Hannu Ba Ya Shiga

Hajiya: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin masu sauraro na makon nan kusan duk kuka ɗaya ne: an sa sabon kan famfo a besin ɗin banɗaki, ruwa na ɗiga ta ƙasa, wurin kuma ya matse. Oga, bisimilla.

Oga: Ai tun farko ake ɓata aikin, Hajiya. A ƙasa ake ɗaura kan famfo, kafin besin ya hau bango. Ka fara murɗa fileksibul biyun, wato tiyo masu lanƙwasa da ke kai wa famfo ruwa, a gindin famfon, da hannu kawai, don ƙaramar robar zobe ce a bakinsu, sifana tana tsinka ta. Sai ka zura su ɗaya bayan ɗaya ta ramin, yawanci milimita 35 ne faɗinsa. Roba a sama, ta ƙasa kuma roba da ƙarfen nan masu siffar kofaton doki, sannan noti.

Injiniya: To wanda ya riga ya kafa fa, Oga? Wani besin ɗin tsakaninsa da bango bai fi yatsu uku ba.

Oga: Sifanar gida ba za ta juya a nan ba. Sai sifanar besin, doguwar nan mai kai yana lanƙwasa, ko mai kamar bututu da ake zura wa noti daga ƙasa. In babu su, kwance besin ɗin. Noti biyu ne suka riƙe shi a bango, ya fi maka kwanciya a ƙasa kana lalube. Kuma kar a ɗaure da ƙarfin tsiya, besin tangaran ne, yana tsagewa. Kafin ka ƙarasa ɗaurewa, ɗaga hannun famfon ka juya shi dama da hagu, ka ga ko yana dukan bango ko madubi.

Hajiya: Yoyon fa? Ta ina ake gane tushensa?

Oga: Tishu. A goge ko'ina ya bushe, a buɗe angul bawul, wato ƙaramin makunnin ruwa na bango da fileksibul ke haɗuwa da shi, ɗaya kaɗai, a bi da tishu daga sama zuwa ƙasa. Ruwa yana bin jikin fileksibul ya gangaro, sai ka zargi bawul alhali daga can sama yake.

Injiniya: Da yawa suna cewa a ƙara tef, farin nan da ake naɗa wa zaren bututu, kawai.

Oga: A'a! Tef wurinsa zaren angul bawul mai shiga bango, rabin incin nan. A naɗa shi ta inda ake ɗaurewa, in siriri ne zagaye goma zuwa sha biyar. Amma notin fileksibul, wosha ce take tare ruwa a cikinsa. In ka cika shi da tef, notin ba zai kai ya danne woshar ba. Ɗaure da hannu, ƙara kwatan juyi da sifana, shi ke nan.

Hajiya: Gara masu tef ai, wani mai sauraro hoton robar tayar keke ya turo.

Injiniya: Robar keke! Ita ce fulamban talaka.

Hajiya: Har da baƙar leda a kai.

Injiniya: Ledar kuma da zaren buhu, ƙulli uku.

Hajiya: Ga bokitin fenti a ƙasa yana jiran aikinsa.

Injiniya: Bokitin nan fa shi ya fi kowa daɗewa a banɗakin.

Oga: Ku bar dariya, robar takan kai mutum safiya, amma gyara yana nan. Ku duba tsawon fileksibul ma. In santimita 30 ya yi ɗamau, sa na 45, ya yi lanƙwasa mai sauƙi. Wanda ya karye ko ya murɗe, robar cikinsa ce za ta fashe, wataƙila cikin dare. Sannan masu ruwan burtsatse da tankin sama, ku cire 'yar ragar bakin famfon ku saki ruwa na minti ɗaya kafin amfani. Yashi da guntun tef suna toshe ragar, suna kuma cin fayafayan cikin famfon har ya riƙa ɗiga ta baki.

Hajiya: Mun ce za mu taɓa magudanar ƙasa, amma lokaci ya cinye.

Oga: A taƙaice faɗinta inci ɗaya da kwata ne, a cika besin a saki ruwan gaba ɗaya, in ta jiƙa a duba zaman wosha kafin a nemi silikon.

Hajiya: Sauran sai mako mai zuwa. Ku ci gaba da turo hotunan.