Wayar Termokupul Ba Wayar Kuran Ba Ce

Assalamu alaikum ƴan uwa masu kallo. Ku dubi wannan tanderun burodi da muke tsaye gabansa a nan Damagaram. Agogon zafi yana nuna digiri 220, amma burodin sai fitowa yake yi baƙi ƙirin. Mai gidan ya canza ma'aunin, ya canza agogon, abin bai gyaru ba. Da muka buɗe bayan tanderun sai ga dalili: wayar ma'aunin ta gaza tsawo, wani ya ƙarasa ta da wayar kuran ta jan ƙarfe, irin ta ɗaura kwan fitila.

Termokupul, wato ma'aunin zafin nan, ƙarafa biyu ne mabambanta da aka haɗe bakinsu. In bakin ya yi zafi, ɗayan ƙarshen bai yi ba, sai ɗan lantarki ya taso tsakaninsu. Wani Bajamushe, Thomas Seebeck, shi ya gano haka a 1821. Lantarkin kuwa ɗan mitsitsi ne. Nau'in K, wanda aka fi samu, ko a digiri 1000 milibolt 41 kacal yake bayarwa, milibolt kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt.

To, ku kama wannan da kyau. Ma'aunin bambancin zafi yake aunawa, tsakanin bakinsa da inda ƙarafan nan biyu suka ƙare. Agogo kuma zafin jikinsa yake ƙarawa a kai, don ya ɗauka a wurinsa suka ƙare. In ka ɗaura jan ƙarfe a hanya, ka mayar da ƙarshen can bayan tanderu. Mu ce wurin ɗaurin digiri 70 ne, akwatin agogo kuma 40, kamar yadda akan samu a bazarar Afrilu. Agogo zai rage maka digiri 30: yana cewa 220, ciki kuwa 250 ne. Abin haushin ma, kuskuren ba ya tsayawa wuri guda. Na asuba daban, na azahar daban.

Don haka harafin ma'auni shi za ka fara dubawa. K sai wayar K, J sai wayar J. K nikel da kurom ne a ƙafa ɗaya, nikel da alminiyom a ɗayar, yana kai wajen digiri 1200. J baƙin ƙarfe ne da konstantan, wato gaurayen jan ƙarfe da nikel, iyakarsa wajen 750, kuma yana tsatsa a danshi. T na wuraren sanyi ne.

A jikin wayar za ka ga an rubuta KX ko KCA ko KCB. X na nufin ƙarafan ma'aunin ne sak aka ja su. C kuwa madadi ne mai araha, yana kwaikwayon na ainihi muddin wurin ɗaurin bai yi zafi ainun ba. KCB ba ta wuce digiri 100. A nau'in S da R na filatinom, dole madadin za a saya, wa zai ja filatinom mita hamsin? Amma a K, ni dai in kuɗi sun isa KX nake ɗauka.

Sai launi, inda masu aiki da yawa ke tuntuɓe, don kayanmu ta ko'ina suke shigowa, wasu daga Turai, wasu ta Kano, wasu daga Sin. A tsarin duniya da Turai ke bi, K tsanwa ce, J baƙa, T ruwan ƙasa, ƙafar ragi, wato mai alamar (−), kullum fara. A tsarin Amurka K ruwan ɗorawa ce, kuma ja ita ce ragi. Ja fa! Hannun da ya saba da batirin mota zai kai ta wurin ƙari. In ka juya ƙafafun a kai da gindi, kuskuren ninkawa yake yi, 30 ɗin nan ta zama 60. In launi ya rikita ka, ɗauko mayen ƙarfe. A K, ƙafar da ya ɗan ja ita ce ragi. A J, wadda ya cafke ita ce ƙari.

Rigar waya kuma zafin hanyar da za ta bi ake duba mata. PVC iyakarta wajen digiri 105, Teflon 260, saƙar gilashi ta haura 400 amma tana shan ruwa da mai. A babban wuri irin matatar man SORAZ, da ke arewacin gari tun 2011, waya kan yi tafiya mai nisa kusa da manyan injuna. Irin nan sai murɗaɗɗiya mai sulke, a sada sulken da ƙasa a gefe ɗaya kawai, kuma kada ta kwana a magudana ɗaya da wayoyin kuran.

Yanzu ga mu mun sa KX. Bari in hura wa wurin ɗaurin iska mai zafi, ku zuba wa agogo ido. Kun gani, lambar ba ta motsa ba. Da ta sauka, da sai mu koma mu duba ƙafafun.