Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Lafiya, daga Kwamitin Marasa Lafiya

Assalamu alaikum.

Mai girma Ministan Lafiya, shugabar wannan cibiya, likitocinmu da ma'aikatan jinya, masu ba da magani, da 'yan uwana abokan zaman benci, barkanku da hallara.

Ranka ya daɗe, a madadin kwamitin marasa lafiya na wannan cibiyar lafiya ta matakin farko, ina yi maka lale marhabin. Mun san hidima ta yi maka yawa, kuma manyan asibitoci masu benaye sun fi ɗaukar ido, amma ka tako har inda ake awon jini da na sukari. Allah ya saka da alheri.

Ni ba likita ba ne. Shekara 11 ke nan ina shan maganin hawan jini, shida daga ciki kuma ina haɗawa da na sukari. Takardun shaidata ke nan. Yawancin waɗanda ke zaune a gabanka irina ne, wani asma, wani sikila, wata farfaɗiya. Ciwonmu ba irin wanda ake yi wa allura uku a sallami mutum ba ne, zama muke yi da shi. Shekara tana da awa 8,760. In aka tara duk lokacin da nake yi a gaban likita, da ƙyar ya cika awa uku. A sauran, ni nake tuna ƙwayar safe, ni nake duba ƙafata ko ta yi rauni, ni nake yanke shawara ko jirin nan na tsakar dare zai jira gari ya waye.

Yawanmu ma ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan da ba a ɗauka daga wani su ne sanadin kusan kashi uku cikin huɗu na mace-macen duniya, kuma manya fiye da biliyan ɗaya ke da hawan jini, kusan rabinsu ba su ma sani ba. A rahotonta na 2003 ta nuna cewa ko a ƙasashe masu arziki, kusan rabin masu doguwar jinya ne kawai ke shan magani yadda aka rubuta. An saba kiran wannan taurin kai. Mu da muke kan bencin mun san ba nan gizo yake saƙar ba.

Bari in ba ka misali. Wata dattijuwa ta zo taronmu da leda cike da magunguna, ta zazzage a kan tebur. Mai ba da magani ya duba, sai ga maganin hawan jini, amlodipine, kwali biyu, kamfani daban, launi daban, ita kuwa tana shan duka biyun a zaton magani biyu ne. Ƙafafunta sun kumbura, jiri yana ɗibarta, ta kusa watsar da komai. Da ta daina, da an rubuta a katinta cewa ba ta bin umarni. Daga ranar muka nemi kowa ya riƙa zuwa da ledarsa a duba, aka amince. Haka ranar awon sukari: a da kowa ƙarfe takwas ake ce masa, mutum ya zo bai karya ba, ya yi ta jira har hantsi ya dubi ludayi, jiki na rawa. Mu muka ce a fara da masu awon, sannan a raba sauran gida biyu. Ba a kashe ko sisi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in dai an tambaye shi.

Ranka ya daɗe, wannan kujera tamu ba alfarma aka yi mana ba. Tun 1978 sanarwar taron duniya kan kiwon lafiya a matakin farko da aka yi a birnin Alma-Ata ta ce jama'a suna da haƙƙi, kuma nauyi ne a kansu, su shiga tsara kiwon lafiyarsu da aiwatar da shi. An jaddada haka a irin wannan taro a birnin Astana a 2018, sannan a 2024 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri kan sa hannun jama'a a shawarwarin lafiya. Masu ɗauke da cutar HIV sun riga mu a gaba: a lardin Tete na Mozambik, tun 2008 suka kafa ƙananan rukunai, mutum ɗaya ya je ya karɓo wa sauran magani, ana karɓa-karɓa.

Sai dai baƙo irinka ba a ɓoye masa gaskiya. Kwamitin marasa lafiya yana iya zama ado, a kira mu ranar da babban mutum zai zo (kamar yau, in ka yi mini afuwa), a ɗauki hoto, a sallame mu. Abin da muke roƙo shi ne a rubuta matsayinmu a ƙa'idar gudanar da cibiyoyi irin wannan, domin kada ya dogara ga kirkin shugabar da muke da ita yanzu, wadda gobe ana iya yi mata canjin wurin aiki. Wakilanmu su zama marasa lafiya ne suka zaɓe su, da mata a ciki, da wa'adin sauka. Su yi ƙuri'a a hukumar gudanarwa, su ga littafin shiga da fitar magani, domin in insulin, allurar masu sukari, zai yanke mu sani tun da sauran kwana. Ƙorafin da aka jefa a akwati kuma a ba da amsarsa a rubuce cikin lokaci sananne. Wanda awonsa ya daidaita a ba shi maganin wata uku, layi ya ragu, ma'aikata su sami sukunin kula da wanda jikinsa ya rikice.

Mu ma mun ɗauki namu. Ba za mu koya wa likita aikinsa ba, sirrin wani kuma ba zai fita ta bakinmu ba.

Bayan jawabinka, muna so ka leƙa ɗakin magani, sannan ka ɗan zauna da mu a benci, ko na minti goma ne. Dattijuwar nan tana nan a sahun gaba, ta ce ita ma tana da magana.

Ranka ya daɗe, sannu da zuwa. Bismillah.