Amsoshin Tambayoyinku: Soyayyar Anime da Jaruman da Ba Mu Gama Saninsu Ba

Jama'a, barkanmu da warhaka. Saƙonni sun taru, lokaci kuma ba ya jira, sai mu shiga.

Wani ɗan uwa daga Maraɗi yana tambaya ko anime, wato katun ɗin Japan, na yara ne kawai. A'a, ɗan uwa. A Japan akwai na yara, akwai na matasa, akwai na manya zalla. A duba kafin a miƙa wa yaro waya.

Wata baiwar Allah daga Kumasi ta ce mene ne manga? Littafin labari ne na zane, galibi baƙi da fari, daga dama ake karanta shi zuwa hagu, kamar ajami.

To, ga wanda za mu ɗan zauna a kansa, don saƙonni da dama sun zo da irin kukan nan. Wata ɗaliba daga Zariya ta ce ta kalli wani anime na soyayya mai suna Horimiya cikin dare biyu, ta gama ranta a ɓace. Ta ce jaruman labarin, Hori da Miyamura, sun daidaita tun da wuri, daga nan labarin ya koma tsalle-tsalle. Abokansu su leƙo su ɓace, har aka yi bikin gama makaranta ba ta ga wanda ya girma a gaban idonta ba. Tana tambaya: ita ce ba ta gane ba, ko masu shiryawa ne suka gaza?

Dare biyu, ƙanwata? To karatun fa, wa zai yi miki? Amma ki kwantar da hankalinki, kin gane sarai. Littafin da aka ɗauko labarin daga ciki ya kai juzu'i 16 a lokacin, shirin da ya fito a 2021 kuwa kashi 13 ne, kowane kashi bai cika minti 25 ba. Bari in maimaita: juzu'i 16, kashi 13. Malam, kai ke koyar da rubutun wasan kwaikwayo, me ke jawo haka?

"To, wato abin da ya kamata a sani, a Japan ba mutum ɗaya ke zuba kuɗi ba. Kwamiti ake haɗawa: masu buga littafin, gidan talabijin, masu waƙa, masu kayan talla. Zango guda wata uku ne, kashi 12 ko 13, da yawa ma tsakar dare ake nunawa. Sau da yawa burin shi ne mutane su je su sayi littafin. Ka ɗauki wani anime mai suna Fruits Basket. An yi shi a 2001, kashi 26, tun littafin bai ƙare ba. Sai daga 2019 zuwa 2021 aka sake shi daga tushe, kashi 63, a nan ne kowa ya sami filin da..."

Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma tambayarta ita ce laifin wa?

"Eh to, lokaci ne. Lokaci ne ya yi kaɗan."

Ni dai a nan ba mu haɗu gaba ɗaya ba, Malam. Ƙarancin lokaci gaskiya ne, amma wanda ya san tabarmarsa ƙarama ce ba ya gayyato gari guda. Miyamura yaro ne da ya sha kaɗaici tun ƙaramar sakandare, ya rufe kansa da dogon gashi da tabarau. Ranar da ya aske gashin nan babbar rana ce. Abin da nake so in gani shi ne kwanakin da suka biyo baya: ya yi ƙoƙari, ya ji tsoro, ya ja da baya, ya sake gwadawa. An nuna mana kaɗan, sai aka yi gaba wajen wasu, su ma ba a zauna da su ba. Wallahi abin ya dame ni, don yaron ya shiga raina. Su kansu masu shirin sun dawo a 2023 da wani kashi 13, suka cike wuraren da suka tsallake. Ki nemi wannan, ƙanwata, ko ki koma littafin.

Ku kuma masu turo mana cewa "ai katun ne, meye na ɓacin rai", haba, ku daina. Wanda ya kashe awa biyar na rayuwarsa wajen kallon labari yana da bakin magana.

Saura minti ɗaya. Wani daga Gaya yana tambaya ko ya fara da tsohon Fruits Basket ko sabo. Fara da sabon, shi ne ya kai labarin ƙarshe. Sauran saƙonni sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.