Darasi: Abin da Zafi Ke Yi wa Tumatir, da Yadda Za a Rage Asara

Assalamu alaikum, masu sauraro. Darasinmu na yau a kan tumatir ne da zafin rana. Manomi zai ga shukarsa kore shar, ta yi fure da yawa, amma furen na ta zubewa, babu 'ya'ya. Sai ya ɗauka cuta ce, ya sayo magani ya yi ta feshi. Sau da yawa ba cuta ba ce, zafi ne.

Tumatir ya fi jin daɗi idan zafin rana yana tsakanin digiri 21 zuwa 29 a ma'aunin salsiyos, na dare kuma 15 zuwa 20. Idan rana ta riƙa wuce digiri 32, dare kuma bai sauko ƙasa da 22 ba, ɗaurin 'ya'ya zai fara raguwa. Ku lura da daren nan sosai, don shi mutane suka fi mantawa da shi. Wani ɓangare na abincin da ganye ya haɗa da rana, da dare ne ake tura shi ga fure da 'ya'ya. In daren ya yi zafi, shukar tana ƙone wannan abinci wajen numfashi, furen ya tashi a tutar babu.

To, ina ɓarnar take faruwa? A cikin garin fure, wato ƙurar nan rawaya da ke sa fure ya zama ɗa. Wannan gari yana haɗuwa ne tun furen yana ƙulli, kimanin kwana 10 kafin ya buɗe, kuma a lokacin ne zafi ya fi kashe shi. Saboda haka furen da ka ga ya faɗi yau, zafin makon jiya ne ya illata shi. Akwai kuma matsala ta biyu: zafi kan sa ɓangaren mace na furen ya yi tsawo ya leƙo waje, ya wuce inda garin yake, ya bushe. Tunda furen tumatir da kansa yake yi wa kansa barbara, in suka rabu haka, shi ke nan.

'Ya'yan da suka tsira ma ba su huta ba. Sinadarin da ke sa tumatir ja ba ya samuwa sosai idan zafi ya haura digiri 30, shi ya sa yake nuna ruwan lemo ko rawaya-rawaya. Gefen da rana ke dukansa kai tsaye kan yi fari, ya lotsa, daga baya ya ruɓe. Baƙin da ke fitowa a ƙasan ɗan tumatir kuwa rashin isar kalsiyam ne, wato wani sinadari da shuka ke sha daga ƙasa, kuma yawanci ba ƙasar ce ta rasa shi ba, ban ruwa ne ba ya tafiya daidai: yau jiƙe sharkaf, gobe bushe ƙayau.

Nannaɗewar ganye zuwa sama da tsakar rana kada ta tayar muku da hankali. Shukar ce ke tattalin ruwanta.

Yanzu me za a yi? Babban magani shi ne lokacin dashe. Tumatir kan fara fure makonni 3 zuwa 4 bayan dashe, sai ka lissafa baya, yadda furen ba zai faɗo cikin tsakiyar zafi ba. A ganina wannan lissafin ya fi duk abin da za a yi daga baya amfani.

Sai iri. Masu ƙananan 'ya'ya galibi sun fi jure zafi fiye da masu manya. Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya da ke Taiwan ta daɗe tana samar da irin da ke ɗaure 'ya'ya a cikin zafi. Amma a fahimta, juriya tana da iyaka, iri mai juriya ma yana buƙatar ruwa da kulawa.

Ban ruwa a yi shi da sassafe, a gindin shuka, ya ratsa ƙasa sosai, kuma a kan tsari ɗaya. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 5 zuwa 8 don ta sanyaya saiwa, amma kada ta manne da kara. Mai hali ya kafa ragar inuwa mai tare kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na hasken rana, ya ɗaga ta sama da shukar yadda iska za ta ratsa. Ragar da ta fi haka duhu za ta sa shuka ta yi tsawo a banza, fure ya ragu.

Kada a fige ganye a lokacin zafi, domin shi ne inuwar 'ya'yan. A rage takin yuriya, yana ƙara ganye ne, ya ƙara zubar fure. Feshin magani da tsakar rana kuma yana ƙona ganye, a bari sai yamma.

Idan tumatir ya fara sauya launi daga ƙasa, a tsinke shi a ajiye a inuwa mai iska, inda zafi bai wuce digiri 24 ba. A can zai ƙarasa nuna, kuma zai fi ja fiye da wanda aka bari a rana.