Kabarin wata tsohuwa ya tsayar da ni a Filadelfiya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a waje nake, sanyin Nuwamba ya kama sosai, yatsuna har sun ƙage a jikin waya. Yau babu girki, babu kasuwa. Maƙabarta na kawo ku, kuma don Allah kada ku wuce, ku tsaya ku ga abin da ya kashe min jiki.

Bari in durƙusa ku gani da kyau. Kun ga wannan ɗan dutsen? Ko gwiwata bai kai ba. Suna ne kawai a jikinsa, Lucretia Mott, sai shekaru, 1793 da 1880. Mace ce da ta yi yaƙi da bauta da neman haƙƙin mata a nan Amurka. Na kusa da shi na mijinta ne, James, girmansu ɗaya. Ku bi layin da ido har can bakin shinge, duk haka suke, babu wanda ya ɗara wani.

Ni da na taho ina neman ginin marmara! Ai na san yadda ake binne manya a ƙasar nan. Na taɓa shiga maƙabartar Laurel Hill da ke cikin garin nan, na ga kabarin da ya fi ɗakina girma, da ƙofa, da ginshiƙai, da mutum-mutumi a kai. To matar da aka sassaƙa siffarta aka ajiye a ginin majalisar dokokin Amurka a Washintan, ga ta nan a ƙarƙashin dutsen da yaro zai tsallake. Da na gan shi, wallahi maƙabartar garinmu ce ta faɗo min a rai, inda ake tara ƙasa a kafa fasasshiyar tukunya ko ɗan ice, sarki da talaka a jere. Sai da na share hawaye kafin na kunna kyamara.

Yadda aka yi na san ta, akwai wata dattijuwa da nake kula da ita a gida, kun san aikina ke nan. Duk lokacin da na shimfiɗa darduma zan yi azahar, sai ta kashe talabijin ta rufe ido, ta yi shiru har in sallame. Na ɗauka kara ce kawai take yi min. Rannan na yi mata godiya, sai ta ce ai ita ma ibada take yi, haka suke yin tasu. Ashe 'yar Kweka ce. Su da kansu Aminai suke kiran junansu. Kiristoci ne, asalinsu Ingila, wajen 1650, kuma mutuminsu William Penn ne ya kafa wannan gari a 1682. Irin nasu na nan ba su da fasto, babu ganga, babu waƙa. Su taru a ɗaki mai bencina, su zauna shiru kamar awa guda. Wanda ya ji an sa masa magana a zuciya, mace ko namiji, ya miƙe ya faɗa ya zauna. Wanda suka ga maganarsa tana ratsa mutane, a wancan zamanin sai su rubuta sunansa a matsayin mai wa'azi, babu albashi ko sisi. Haka aka rubuta Lucretia a 1821, tana da shekara 28, 'yan shekaru bayan ɗanta ƙarami ya rasu. Wannan ya taɓa ni, domin na san abin da rashin ɗa yake yi wa uwa.

A tsibirin Nantucket aka haife ta, garin masu farautar manyan kifayen teku. Maza su tafi shekara biyu, uku, mata su riƙe shago su riƙe gida. Wannan kam ba sai an yi mana bayani ba, mu da mazanmu ke tafiya cin rani. Da ta girma ta fara koyarwa, sai ta gano ana biyan malamai maza fiye da mata nesa ba kusa ba, a aiki iri ɗaya. Ba ta manta ba har tsufanta.

Amma abin da ya fi ɗaure min kai shi ne maganar sukari. Ta ce duk abin da bawa ya noma ba zai shiga gidanta ba: sukarin rake, auduga, duk ta haramta wa kanta. Ku yi tunani, shayi ba sukari, tufa kuma sai an bi diddigin inda aka nomo audugar, ga tsada. Mijinta fataucin auduga yake yi, yana samu, amma ya bari ya koma sayar da ulu. Allah Ya ba mu mazan da za su bar riba saboda gaskiya. Sun yi fiye da shekara 56 tare kafin ya rasu a 1868.

A 1833 ita da wasu mata, farare da baƙaƙe, suka kafa ƙungiyar mata masu yaƙi da bauta a nan Filadelfiya. A watan Mayun 1838 suna taro a wani sabon zaure da aka gina don irin wannan magana, kwana uku da buɗe shi, 'yan iskan gari suka kewaye wurin suna jifa. Matan suka fito biyu-biyu, fara ta riƙe hannun baƙa, suka ratsa ta tsakiyar masu zagi. Daren nan aka cinna wa zauren wuta ya ƙone ƙurmus. Daga nan gungun suka nufi gidanta. Ita kuwa tana zaune a falo da mijinta tana jiransu, ba ta gudu ba. Wani masoyinsu ne ya shiga gaban gungun kamar yana tare da su, ya kai su wata hanya daban. Kuma wannan mata fa 'yar ƙarama ce, siririya, kullum cikin doguwar riga marar ado da farar hula. Ni baƙar fata ce a wannan gari, ina hawa bas ina zama inda na ga dama, don haka ba zan ji wannan labari in wuce kamar bai shafe ni ba.

A 1840 ta tsallaka teku zuwa Landan, babban taron yaƙi da bauta, aka ce mata ba za su zauna cikin wakilai ba. Can ta haɗu da wata Ba'amurkiya mai neman haƙƙin mata, Elizabeth Cady Stanton, kuma shekara takwas bayan haka, a 1848, suka kira taron haƙƙin mata a garin Seneca Falls da ke jihar New York.

To ku saurara, ga inda na ji kaina ya ƙara girma. Da dattijuwata ta ce min 1793 aka haifi Lucretia, sai na ce mata ai a wannan shekarar ake cewa an haifi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ta ce wace ce? Na gyara zama. Na ba ta labarin 'yan taru, da jajis masu malfa da ke bin ƙauyuka suna koya wa mata addini da waƙoƙin da Nana ta tsara da Fulatanci da Hausa da Larabci. Ta buɗe baki tana kallona. Mutanen nan suna zaton mace mai ilimi da wa'azi a wajensu aka fara. Kakata, Allah Ya jiƙanta, irin waɗannan waƙoƙi take rerawa tana kaɗin auduga. Sai dai in faɗi gaskiya, bauta mu ma an yi ta a ƙasarmu, kuma ba mu cika son a tayar da zancen ba.

Ita dai Lucretia ta ga ƙarshen bauta a Amurka a 1865. A lokacin yaƙin basasa, dab da gidanta aka kafa sansanin horar da sojoji baƙaƙe, alhali ita ba ta yarda da yaƙi ba ko kaɗan. Unguwar yanzu La Mott ake ce mata, don girmama ta. Tana da shekara 85 ta je Rochester ta yi magana a taron cika shekara 30 da Seneca Falls. Ciwon huhu ya kwantar da ita, ta rasu ranar 11 ga Nuwamba, 1880, tana da shekara 87. Ƙuri'ar da ta nema wa mata ba ta samu ba sai 1920.

Ana ba da labarin cewa ranar da aka kawo ta nan, jama'a sun cika wurin, aka yi tsit an daɗe. Wani ya tambaya a hankali, babu wanda zai ce komai? Aka ba shi amsa: wa zai yi magana, mai wa'azin ce ta rasu.

In za ku zo, sunan wurin Fair Hill, a kan titin Germantown, arewacin gari. Bas mai lamba 23 na hau, kusan dala uku. Ku bincika lokacin da ake buɗe ƙofa kafin ku taho, ku zo da rana, kuma ku zo da wani, kada ku tsaya kuna ɗaga waya a bakin titi. Ku sa safar hannu.

Sannan 'yan uwana mazauna nan, ina roƙonku, ku shiga asusun jana'iza na masallacinku. Bara da muka yi rashi, dubban daloli muka tara cikin kwana biyu, mata suna ta kiran juna har tsakar dare, kafin a samu filin kabari kawai. Tun ranar nake tunanin inda za a sa ni, nan ko gida kusa da kakata. Na gaya wa yarana, duk inda ya kasance, kada a yi min gini.

Bari in tashi, ƙarfe uku nake karɓar aiki, kuma na yi wa dattijuwata alkawarin zan nuna mata hoton dutsen, shekara da shekaru ƙafa ba ta kawo ta nan ba. Sai mun haɗu, a gaida mutanen gida.