Kwaɗon Da Aka Ce Sabo Ne Alhali Kowa Ya San Fuskarsa

[Hoto: kwaɗi biyu a kan reshe, gefe da gefe]

Ku dubi waɗannan kwaɗi biyu da kyau. Launin toka iri ɗaya, girma ɗaya, farin tabon nan na ƙarƙashin ido ma kowa yana da nasa. Ku ɗaga cinyarsu, ruwan ɗorawa ne a ciki, duka biyun. In kun ce jinsi ɗaya ne, babu mai ganin laifinku, don masana ma shekara da shekaru haka suka ɗauka.

To ku saurara.

[Sauti: kuka na farko, sannan na biyu]

Kun ji na farko yana kaɗa murya a hankali, na biyu kuma da sauri, da kaushi. Na farkon sunansa Hyla versicolor, na biyun Hyla chrysoscelis, dukkansu a gabashin Amurka suke, wani lokaci ma a tafki ɗaya. Da aka leƙa cikin ƙwayoyin jikinsu, sai aka tarar na farko yana da kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado, guda 48, na biyu 24. Kama da wane ba wane ba ce.

Abin da ya sa muka yi wannan bidiyo shi ne, duk lokacin da labari ya fito cewa an gano sabon jinsin kwaɗo, sai ka ji mutane suna cewa ai wannan shi ne wanda muka saba gani, mene ne sabo a jikinsa? Gaskiyarsu ne ta wani gefe. Da yawa daga cikin sababbin jinsunan nan an daɗe ana ganinsu, wasu ma suna cikin kwalba a gidajen adana halittu tun kafin a haifi mai binciken, suna ɗauke da sunan wani. Aikin yana wurin tabbatar da cewa su daban ne.

Aikin daji kuwa kun gan shi a hoto. Dare, ruwan sama, fitila a goshi, na'urar naɗar sauti a hannu. A naɗi kukan, a kama mai kukan, a ɗauki hotonsa, a yanki ɗan nama kaɗan a jefa cikin sinadarin da zai hana shi lalacewa. Sai dai ku lura da ƙaramin abin nan da ke hannun hagun mai binciken, ma'aunin zafi ne. Za mu dawo kansa.

Me ya sa kuka ya fi launi nauyi? Saboda a duhu ake neman aure a duniyar kwaɗi. Namiji ne ke kuka, mace ce ke zaɓe, kuma da kunne take zaɓen. Kunnenta da ƙwaƙwalwarta sun dace da kukan mazan jinsinta, ta yadda in wani ya yi kuka da saurin da ba nata ba, ko kallonsa ba za ta yi ba, ko da kuwa kamarsu ɗaya da mijin da take nema. In hakan ta ɗore, zuriyar nan biyu ba sa cakuɗuwa, kowace ta kama hanyarta. Mu da muke dogara da ido sai mu ga abu ɗaya, su kuwa tuni sun san juna a matsayin baƙi.

[Hoto: zanen sauti a fuskar kwamfuta]

Wannan shi ne kukan bayan an mayar da shi zane. Kowane tsayayyen layi bugu ɗaya ne. Mai bincike zai zauna ya ƙirga bugu nawa ne a daƙiƙa ɗaya, ya auna kaifin muryar, ya auna tazarar shiru tsakanin kuka da kuka. A nan ma'aunin zafin nan ke shigowa. Jikin kwaɗo yana bin yanayin da yake ciki, in dare ya yi sanyi kukansa ya ragu da sauri, in ya yi ɗumi ya ƙaru. Wato mai saurin kuka a daren sanyi yana iya yin kusa da mai jan kuka a daren ɗumi. Wanda ya naɗi sauti bai rubuta zafin wurin ba, zai iya raba jinsi ɗaya gida biyu, ko ya haɗe biyu ya ce ɗaya ne. Abin da ya fi burge ni ma, a 1978 wani masani, Carl Gerhardt, ya nuna cewa zaɓin macen shi ma yana sauyawa da zafin jikinta, in ta yi sanyi sai ta fi son kuka mai jinkiri. Allah mai iko.

Sai batun DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, kuma a nan ne raina ke ɓaci da yadda ake ba da labari, a ce wai gwajin DNA ya tabbatar, shi ke nan. Yawanci ɗan guntun DNA ake fara karantawa, wanda ake kira 16S. In bambanci tsakanin kwaɗi biyu ya kai wajen kashi 3 cikin 100, sai a ɗora alamar tambaya a kansu, a ce ana zaton wani jinsi ne. Zato ne kawai. A Madagaska, wani bincike da ya fito a 2009 ya tarar da irin waɗannan tsakanin 129 zuwa 221, a lokacin da jinsunan da ke da suna a tsibirin 244 ne. Kowane ɗaya daga cikinsu sai an bi shi daban, a ga ko kuka da awon jiki sun goyi bayan abin da DNA ya nuna.

Kada ku ɗauka sai a ƙurmin daji. A 2008 wani ɗalibin Jami'ar Rutgers, Jeremy Feinberg, ya ji wani kuka a fadamar Staten Island, cikin birnin New York, gajere, bugu ɗaya, ba irin jerin da ya sani a wurin kwaɗi masu zanen damisa na yankin ba. Sai da aka kai 2014 kafin a ba shi suna, Rana kauffeldi. Sunan na Carl Kauffeld ne, wanda tun 1937 ya ce akwai wani jinsi a ɓoye a yankin, aka ƙi yarda da shi don ba shi da kayan aikin da zai kafa hujja.

Kafin suna ya tabbata, dole a koma gidajen adana halittu a gwada da tsofaffin samfura, kada a raɗa wa mai suna sabon suna. A ware guda ɗaya ya zama zakaran gwaji, a rubuta siffarsa, a buga a mujallar ilimi.

[Hoto: tururi yana tashi daga fadama a tsakiyar hamada]

Wannan na ƙarshe daga cikin kwaɗi masu kaushin fata yake. An ce ruwan zafi ba wurin wasan kwaɗo ba ne, amma shi a fadamun da maɓuɓɓugan ruwan ɗumi ke shayarwa yake zaune, a kwarin Dixie na jihar Nevada, kuma babu shi a ko'ina a duniya sai nan. Da ana lissafa shi cikin wani jinsi da ya bazu a yammacin Amurka. Awon jiki da DNA ne suka raba su, a 2017 ya zama Anaxyrus williamsi. A Afrilun 2022, yayin da aka fara aikin gina tashar lantarki mai amfani da zafin ƙarƙashin ƙasa a gefen fadamun, hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta saka wannan suna cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta hanyar dokar gaggawa.

[Sauti: ruwa yana ɓulɓulowa]