Amsoshin Tambayoyinku: wai Mungo Park ne ya gano kogin Kwara?

Jama'a barkanmu da warhaka, yau lokaci ya matse mu, don haka sai wasiƙu kawai.

Wani daga Maraɗi yana tambaya me ya sa 'yan Brazil ke magana da harshen Fotugal. Turawan Fotugal ne suka sauka can a 1500 suka mallake ƙasar, shi ke nan.

Sai wata uwa daga Zariya, kuma masu irin tambayarta suna da yawa. Ta ce ɗanta ɗan aji biyar ya dawo gida yana ta haddar wai Mungo Park ne ya gano kogin Kwara, abin ya tsaya mata a rai, me za ta ce masa? Malam, bismilla.

To Hajiya, shi Mungo Park ɗan Scotland ne, ya iso bakin kogin a Segou ta ƙasar Mali a 1796, ya tarar mutane suna ta ƙetarawa a kwalekwale, ya sake dawowa ya mutu wajen Bussa, a Najeriya ta yau, a 1806. Clapperton ma, wani Bature matafiyi, da ya zo Sakkwato a 1824 ai a fadar Sarkin Musulmi Bello aka ba shi taswira mai nuna kogin, shi kuma Barth, matafiyi ɗan Jamus, da ya shigo Kano a 1851 Abdulkarim yake kiran kansa, in kin ga yadda ya yaba wa Kano da saƙa da rini...

Malam tsaya mana, ka tafi Kano ka bar yaro a Zariya! Hajiya, ki ce masa Turawa sun gano wa kansu ne, na sake faɗa, wa kansu, masunta sun daɗe suna jefa koma a ciki. Amma don Allah kar ki ce masa malaminsa maƙaryaci ne, wannan ba tarbiyya ba ce. Ni da ni ne sai in kai shi madafa in nuna masa masara da rogo da gyaɗa da tumatir, in ce duk daga nahiyar Amurka suka fito bayan tafiyar Columbus, Baturen da ya ƙetara teku zuwa can a 1492, kuma jiragen Turawa sun kwashi mutanenmu bayi zuwa can, wannan ma kar a ɓoye masa.

Mai tambayar ko Columbus ya je Indiya, bai je ba, a tsibiran Bahamas ya fara sauka, Vasco da Gama ɗan Fotugal ne ya kai Indiya a 1498. Kuma bawan Allah ka gyara rubutu, da ƙyar muka karanta.